Buhun da Ya Yi wa Magaji Kirari

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Aliero ya san gashin bakin Magaji, ko da bai san Magajin ba. Gashin baki ne baƙi wuluk mai murɗaɗɗun ƙahoni biyu, wanda ake shafa wa man shanu kullum da safe tun kafin a shafa wa yaran gidan. Don tsabar ji da shi, Magaji bai yarda ya rubuta sunansa a buhunan albasarsa kamar sauran dillalai ba. Gashin bakin yake zanawa da jan fenti, ya lanƙwasa nan ya lanƙwasa can. 'Yan lodi kuwa da sun ga wannan shaida ba sa tambayar kowa, sai dai su saɓa su jefa a mota.

To, wannan bawan Allah ne ya tashi rana tsaka ya ce shi zai raba 'yan makaranta da waya.

Abin ya samo asali ne daga sakandaren unguwarmu, inda 'yarsa Zinatu take karatu. Malamai sun gaji. Ana darasi, wani yana kallon ƙwallo a ƙarƙashin tebur, wata tana ɗaukar hoton kanta da baki a tsuke. Sai shugabar makarantar, Malama Iklima, ta aika wa iyaye cewa a haɗu ranar Alhamis bayan la'asar, a tattauna ko a hana ɗalibai zuwa da waya ko a bar su. Labarin ya iske Magaji a rumfar Haliru wanzami, ana tsakiyar yi masa aski.

"Taro?" in ji Magaji. "Taron mi? Abin da ni kaɗai ni ka gamawa kahin shayi shi huce, shi na za a tara mutane a kai?"

Shi Haliru ɗan kawun Magaji ne, wato taubashinsa, don haka babu abin da ba ya gaya masa. Shekara da shekaru yana aske masa kai yana kallon gashin bakin nan kamar yadda akuya ke kallon ganye ta bayan danga, ba a taɓa barinsa ya kai aska wurin ba.

"Kai ɗan mace," in ji Haliru, "ɗiyarka guda ta gagare ka cikin gida, ina kai ina ɗiyan gari?"

"Ni Zinatu ta gagara?"

"Shekaranjiya kana yi mata hwaɗa tana ɗaukar ka hoto. Ni ma an gwada min."

Mutanen rumfar suka kwashe da dariya. Magaji ya miƙe da rabin kai a aske, ya kama ƙahon gashin bakinsa na dama ya murɗa.

"Ku shaida! Gobe ni ka kwashe wayoyin makarantag ga kakaf. Ranar Alhamis kuwa, in waya ta yi kuka cikin makaranta lokacin taro, Haliru ka taho da askarka ka ɗebe wanga gaban jama'a."

Haliru ya tsaya cak. "Wayar wa?"

"Ko ta wa! Ko ta Malama, ko ta liman, ko ta aljani!"

"Kun ji dai," in ji Haliru a hankali. Ya jawo fatar wasa aska, ya fara wasawa yana murmushi.

Washegari tun kafin a buga ƙararrawa Magaji ya kafa kansa a ƙofar makaranta, da babbar riga da buhu a hannu. Babu wanda ya sa shi. Ya tara ɗalibai ya yi musu huɗuba a kan lalacewar zamani, sannan ya zaro tasa wayar ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

"Shugaba da kansa shi ka farawa!" Ya jefa ta a buhu.

Yaran suka dubi juna. Da yake an san shi da kai ƙara gidan uban yaro tun kafin yaron ya isa gida, sai suka shiga kashe wayoyinsu don kada caji ya ƙare, suna jefawa ɗaya bayan ɗaya. Zinatu ce ta fara, tana hararar ƙasa. Magaji bai tsaya nan ba. Ya ƙwace na'urar lissafi, ya ce ga lambobi nan a jikinta, wa za a yi wa wayo. Ya ƙwace tocila. Ya kusa ƙwace abin gwada sukari na malamin tarihi, sai da mutumin ya rantse masa.

Malama Iklima ta fito da sauri tana gyara mayafi.

"Alhaji, ai ba a yanke shawara ba tukuna. Taron gobe na."

"Malama, na hutar da ku. Gobe sai dai godiya."

Ta ga ba ta iya raba shi da buhun ba tare da an yi kokawa a gaban ɗalibai ba, sai ta ce to a kai ofis a kulle a kabad. Magaji ya yi dariyar tausayi.

"Kabad? Sabis na shiga kabad awa iska. Ke ba ki san maganin waya ba? Albasa ta! Ni in na shiga ɗakin ajiyata waya ba ta taɓa samu na. Yajin albasa shi ka kashe sabis. Ciki za ni binne su, in ɗunke, gobe in kawo buhun gaban iyaye da ɗunkinai ba a taɓa ba. In anka ga zare guda ya motsa, a ce da ni maƙaryaci."

Gaskiyar magana, ɗakin ajiyar nan a cikin kwari yake, ko ƙwai aka ajiye a ciki waya ba za ta kama ba. Amma wa zai gaya wa Magaji?

Ya tafi ya zuba albasa a ƙasan buhu, ya juye wayoyi a tsakiya, ya cika da albasa har ta yi tozo, ya yi wa buhun hula ya ɗinke tsaf. Aiki ya yi kyau, don a wannan fanni dai ba a raina shi. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru ba tare da ya shawarci kansa ba: ya tsoma tsinke a gwangwanin jan fenti, ya zana wa buhun gashin baki. Ya jingina shi cikin 'yan uwansa, ya tafi majalisa karɓar yabo.

Ranar Alhamis da hantsi ya yi wanka, ya shafa wa gashin baki man shanu har yana ƙyalli, ya nufi ɗakin ajiya. Ya tarar da shi wayam, sai ɓawon albasa da iska ke wasa da shi. Ya koma gida da gudu, babbar riga na tashi.

"Gudiya! Ina albasata?"

Matarsa Gudiya tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Muttaka direba yaz zo da sassahe da 'yan lodi. Ba kai kac ce mishi Alhamis shi kwashe shi yi Kudu da ita ba?"

"Duka sunka kwashe?"

"Duk mai gashin baki."

"Mi ya hana a kira ni?"

"An kira, Alhaji. Muttaka ya kira har ya gaji. Ina wayar taka?"

Magaji ya kai hannu ga rigarsa. Ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu, duk da ya san inda take.

"To ba ni lambar Muttaka."

"Tana cikin wayarka. Zinatu ma tana da ita, amma ka san inda tata take." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Babu mai babur a kusa sai Haliru. Magaji ya so ya ɓoye masa dalili, ya ce wata 'yar harka ce ta taso a Jega. Amma Gudiya ta riga ta leƙa ta katanga ta gaya wa matar Haliru, don haka ya iske shi ya tayar da babur, zabirar aski a rataye a kafaɗa.

"Mi za ka yi da zabira?"

"Kayana ni ka rakiya," in ji Haliru yana duban gashin bakin. "Hau a hankali, kar iska ta ɓata min shi."

Suka kama hanyar Jega. A tashar manyan motoci aka ce musu lalle motar Muttaka ta tsaya an sha shayi, amma ko ta wuce ko tana cikin jerin nan, Allah masani. Motocin albasa ne jere, duk an lulluɓe su da tamfol. Haliru ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa.

"A kira taka mana. Inda munka ji kuka, nan take."

"Ba ta yi. Tana cikin albasa."

"To ai shi ke nan, mu koma gida."

Magaji ya murɗa ƙaho. Can ya ce, "Gwada dai, don ka ga ƙaryarka."

Lambarsa kaɗai ya haddace a duniya, don ya sha rera ta ga masu saye. Haliru ya danna ya kara masa a kunne. Tana shiga, ƙirrr, ƙirrr, lafiya lau.

"Halan albasar ba ta da yaji," in ji Haliru.

"Ba ta gama ratsa ta ba na! Ci gaba da kira!"

Nan fa mutumin da jiya ya yi huɗuba a kan sharrin waya ya shiga bin jama'a yana roƙon masu waya. Ya tara 'yan kabu-kabu, ya tara masu sayar da rake, ya karanta musu lamba ya ce su yi ta kira. Shi kuwa ya bi motoci ɗaya bayan ɗaya yana manna kunne a jikin buhunan mutane. A mota ta farko ya ji motsi, ya ce a yi shiru, ashe ɓera ne. A ta gaba ya ji kiɗa sosai daga ƙarƙashin tamfol, ya yi kabbara ya cusa hannu ya damƙo, sai ga shi riƙe da ƙafar wani ƙaton direba da ke barci da rediyo a kan ciki. Direban ya farka da ihun ɓarawo. Kafin Haliru ya gama dariya ya zo ya yi bayani, an riga an tuɓe wa Magaji hula, wani ya ɗana masa rake a gadon baya.

"Ba ɓarawo ba na," in ji Haliru yana share hawaye. "Shugaban hana waya na na Aliero. Wayarshi yaka nema."

Wani mai shayi da ake kira Hashim ya ji tausayinsa, ya ba shi ruwa ya wanke fuska. Shi ne ma ya tuna cewa motar Muttaka ta ɗauki hanyar Maiyama tun ɗazu.

"Alhaji, da na taya ka kira, sai dai wayata ta mutu, tana wurin mai caji."

Magaji ya riƙe hannunsa gam. "In ta cika ka kira. Kar ka daina sai ka ji muryata. Ka yi alkawari?"

"Na yi."

"Ce wallahi."

"Wallahi, Alhaji. Ni in na ɗau alkawari ba ni sakewa."

Ya sa aka rubuta masa lambar da gawayi a jikin teburin shayi, suka hau babur.

Ba su sha wahalar neman motar a Maiyama ba. Tun daga nesa suka hango ta a gefen titi, ƙofar direba a buɗe, jama'a sun yi mata zobe amma daga nesa-nesa. Muttaka direba yana tsugune a gindin wata bishiyar bedi ya dafe kai, wani malami na tofa masa addu'a. Daga cikin lodin kuwa, can ƙasa, kalangu ne ke tashi, da wata murya a shaƙe kamar daga rijiya:

"Magaji na Gudiya! Mai ƙaho biyu a baki! Kowa ya ga jan fenti ya ga maigida!"

Wani maroƙi ne ya taɓa yi masa wannan kirari a wurin biki, Magaji ya sa aka naɗa aka mayar masa da shi kukan waya. Mu mutanen Aliero mun ji shi har ya fita ranmu. Muttaka kuwa baƙo ne a harkar, bai taɓa ji ba.

"Alhaji!" Muttaka ya taso da sauri. "Tun daga gadar Jega suka biyo ni. In sun yi shiru sai su sake. Har sunanka sun sani, har na uwargida! Mi ka haɗa da albasag ga?"

Malamin ya dubi Magaji sama da ƙasa. "Bawan Allah, in wani abu ka ɗaure don kasuwa, ka hwaɗi gaskiya a warware."

"Waya ta, Malam."

"Waya cikin buhu?"

"Ajiya yab ba albasa," in ji Haliru. "Don kar ta yi kuka."

Jama'a suka matso, tsoro ya koma dariya. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce ita dai tun farko ta ce aljanin da ya iya kalangu haka ba na cutarwa ba ne.

Sai dai sanin buhun yana cikin mota daban, gano shi daban. Buhu ya fi a ƙirga, kowanne da gashin baki iri ɗaya, kuma da yake na wayoyin ne a bakin ƙofa, shi 'yan lodi suka fara jefawa, yana can ƙarƙashin kowa. Muttaka ya ce shi direba ne, ba ɗan lodi ba. Dole Magaji ya tuɓe babbar riga ya hau da kansa, da wasu majiya ƙarfi da suka taya shi don su ga ƙarshen abin. Ya sake karanta lamba ga mutanen Maiyama. Rana ta take. Ana sauke buhu, ana kasa kunne, kalangu na tashi, samari na taka rawa a bakin titi, Magaji na daka musu tsawa su yi shiru ya ji. Wani buhu ya kuɓuce ya fashe, albasa ta gangara titi, awaki suka ce gaba ta kai mu, shi kuma ya diro ya bi su da takalmi. Ya taka albasa ɗaya, ta tafi da shi, ya zauna daɓas a kan wata.

Duk wannan bidiri hannunsa ɗaya na kare gashin baki. Haliru kuma yana inuwa yana ba da umarni: "A kula da huskarshi, jama'a! Akwai amanata a wurin."

Sai bayan azahar aka kai ga buhun. Aka jawo shi yana tsiyayar ruwan albasa saboda nauyin da ya sha, yana kirari. Magaji ya rungume shi. Mutanen Maiyama suka yi tafi, kowa ya mayar da wayarsa aljihu tunda an gani. Buhu ya yi tsit.

Magaji ya kasa kunne. Shiru. Ya ƙara jira. Shiru. Sai ya miƙe a hankali, ya karkaɗe wando, ya murɗa ƙahon dama ya murɗa na hagu.

"Kun gani? Mi nac ce? Yanzu yajin ya gama ratsa ta."

Muttaka ya ce, "Alhaji, ka farke ka kashe ta mana, hankalin kowa shi kwanta."

"In farke? Na ce ma iyaye ɗunkina ba a taɓa ba. Kana son a ce da ni maƙaryaci?" Ya juya ga Haliru. "Kai kuma na san halinka. Kawo wayarka."

Haliru ya miƙa ba musu. Magaji ya kashe ta da kansa, ya cire batirin, ya jefa a aljihu. Aka bar Muttaka da tulin albasa a bakin titi yana tambayar wa zai mayar masa da lodi, Magaji ya ce ya kira shi a waya su yi magana.

Haka suka komo: Haliru a gaba, buhu a tsakiya, Magaji a can ƙarshen sirdi rabin mazauninsa a iska, ruwan albasa na bin ƙafarsa. Da suka ratsa Jega 'yan kabu-kabu suka bi su da ihu, "Alhaji, an samu?" Ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara.

Kafin su iso, taro ya riga ya yi zafi a filin makaranta. Iyaye maza a kan benci, mata a kan tabarmi, ɗalibai sun yi cincirindo a baya, don kowa ya zo karɓar wayarsa. Wani uba ya ce a hana kawai, ɗansa ya san sunan kowane ɗan ƙwallo a duniya amma bai san bakwai sau takwas ba. Wata uwa, Bushira, ta miƙe ta ce 'yarta daga ƙauye take zuwa a kan keke, jiya taya ta fashe mata a hanya, babu wayar da za ta kira gida, sai gab da magariba ta iso tana turawa. Wani ya ce a ba su ƙananan wayoyi marasa hoto. Wani ya ce shi ɗansa ne ke karanta masa saƙon masu sayen albasa, in an hana yaron waya a makaranta to a dawo masa da ita da an tashi. Malama Iklima tana sauraron kowa, idonta na kan ƙofa.

Sai ga babur. Warin ne ya fara isowa.

Magaji ya sauka, ya sa aka ajiye buhun a tsakiyar fili. Rigarsa ta yi jirwaye, hularsa ta karkace, amma gashin baki na nan a miƙe. Bai zauna ba. Sai da ya bi benci-benci da tabarma-tabarma ya tabbatar kowa ya kashe wayarsa, har Malama, har liman. Haliru ya sami wuri a gaba ya zauna, ya ɗora zabira a cinya, ya yi kalar tausayi irin ta wanda ya yi asara.

Magaji ya ɗora ƙafa ɗaya a kan buhu.

"Jama'a, ga ɗunki nan, ku duba. Zare guda bai motsa ba. Yau na kai buhun ga har Maiyama na komo da shi, don in gwada ma duniya cewa dabarata ba ta tsoron tahiya."

"Don haka na ka tahi?" in ji wani daga baya.

"Don haka na! Kuna ta gardama, a hana, kar a hana. Ku kasa kunne. Kun ji waya? Rabon makarantag ga da shiru irin wanga tun ana rubutu da alli kaɗai. Wasu sun wasa aska tun shekaranjiya." Ya dubi Haliru. "Sai su koma su yi ma jarirai aski. Ni Magaji, in na ce waya ta yi shiru..."

Ƙarƙashin ƙafarsa kalangu ya ɓarke.

"Magaji na Gudiya! Mai ƙaho biyu a baki!"

A can Jega, wayar Hashim mai shayi ta cika.

Magaji ya yi tsalle gefe. Ya dawo ya danne buhun da hannu biyu. Ya hau kai ya zauna. Kirarin ya ci gaba da fitowa ta ƙarƙashinsa, a shaƙe amma ana ji tsaf. Ya yanke, jama'a suka ja numfashi, ya sake tashi. Hashim dai ya riga ya ce ba ya sakin alkawari, kuma bai saka ba. Ɗalibai suka ɗauki amshi, "Kowa ya ga jan fenti ya ga maigida!" Mata suka kife a kan tabarmi. Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

"Ba ta ɗalibi ba ta!" Magaji ya yi ƙara. "Tawa ta! Tawa ba ta cikin lissahi!"

Haliru ya miƙe a natse. "Jama'ar rumfa, da nac ce wayar wa, mi yac ce?"

"Ko ta wa!" suka amsa baki ɗaya.

Da askar Haliru aka farke ɗinkin. Albasa ta zube, wayoyi suka biyo baya, jiƙe da ruwa mai yaji. Magaji ya tono tasa ya kara a kunne.

"Alhaji!" muryar Hashim ta fito da murna, kowa na ji. "Alhamdu lillahi! An samu ke nan? Ka ga amfanin alkawari?"

Magaji ya katse kiran.

Malama Iklima ta sa aka raba wa yara kayansu, kowa na goge tasa da gefen riga yana hawaye, don yajin bai kashe sabis ba amma ido kam ya same shi. Sannan aka ɗaga hannu. Shawarar da ta yi rinjaye ita ce yaro ya zo da wayarsa saboda hanya, ya ajiye a kabad ɗin ofis da safe, ya karɓa in an tashi. Wato kabad ɗin nan dai da Magaji ya raina.

Aka kawo kujera tsakar fili. Magaji ya zauna, ya ɗaga kai, sai ya ga abin da bai yi lissafi da shi ba: duk wayoyin da aka raba sun kunnu, an ɗaga su sama, kowacce ta sa masa ido. Ta Zinatu ce a sahun gaba.

"Malama!" ya yi kira, wannan karon da gaske har cikin ransa. "An hana waya a makaranta! Yanzu anka yanke!"

"Lokacin darasi, Alhaji," in ji Malama Iklima. "Yanzu an tashi."

Haliru ya jiƙa gashin bakin da ruwa, ya yi bisimilla, ya ɗora aska. Shara ɗaya, ƙahon dama ya faɗo a cinyar mai shi. Magaji ya runtse ido yana jiran na biyu. Sai ya ji ana naɗe zabira.

"Mi kaka yi? Ƙarasa!"

"A'a," in ji Haliru. "Mutum ya tahi har Maiyama ya komo da kayan ɗiyan mutane, ko guda bai ɓata ba. Ai ka yi rabin abin kirki. Na yahe maka rabi."

"Ban son yahiya! Haliru, don zumunci!"

"Ɗan mace, a yi maka alheri kana ƙi?" Ya zaro batirinsa daga aljihun Magaji, ya hau babur ya yi gaba.

Magaji ya bi lungu zuwa gida, ya ja wuyan riga ya rufe baki har hanci. Ya yi sallama ƙasa-ƙasa, yana fatan ya shige ɗaki kafin a gan shi. Gudiya na zaune a tsakar gida da wayarta a hannu, almakashi a ajiye kusa da ita a kan tabarma.

"Sauke rigar, Alhaji, na riga na gani," in ji ta. "Hoton askinka har Maiyama ya kai, daga can anka turo min. Muttaka na tambaya, buhunan da ke bakin titi, shi goge ma kowane ƙaho guda, ko a bar su haka nan?"